Akwati Mai Kwaɗo Uku: Abin Da Kwamitocin Makarantunmu Ya Kamata Su Koya Daga Matan Asusu

Shekarun baya an taɓa yin taron gidauniya a wata makarantar firamare da na koyar a nan ƙasar Dakoro. Ba zan faɗi sunanta ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma sahu ɗaya muke salla. An so a gina aji biyu na ƙasa a rufe su da kwano. Aka yi hayar rumfuna da kujeru da lasifika, aka gayyato manya daga Maraɗi, aka yanka raguna biyu. Mai gabatarwa yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya: Alhaji wane ya yi alkawarin jaka ɗari, a tafa, wane ya ce siminti buhu ashirin yana wuyansa, a tafa, mata su rangaɗa guɗa. Ni aka ba biro ranar, na cika shafi biyu da sunaye da lambobi, har na fara hango azuzuwan a tsaye.

Da aka watse muka zauna lissafi. Abin da ya shigo hannu da ƙyar ya biya mai kujeru da mai lasifika da man motar baƙi. Sauran duk alkawari ne. Muka yi wata shida muna bin mutane, yau a ce yana Yamai, gobe a ce ya tafi Kano, jibi waya ba ta shiga. Simintin da aka yi wa guɗa buhu huɗu ne ya iso, shi ma ya daskare a ɗakin darakta kafin a sami kuɗin magini. Yaran nan a rumfar kara suka ƙare shekarar.

A cikin wannan shekarar, a bayan gidan da nake haya, wasu mata kusan talatin suna haɗuwa duk mako a gindin bishiya bayan la'asar. Ba lasifika, ba baƙo, ba rago. Tabarma ce da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Kowace ta zuba dala ashirin ko dala hamsin, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a rufe, a tashi a je a ɗora tuwo. Kafin damina ta faɗi suka fasa asusunsu, na ga mata suna kora tumaki daga kasuwa, wata ta sayi irin gyaɗa, wata ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Mu masu boko da takardu da hatimi muka tashi da buhu huɗu na siminti da ya zama dutse.

Wannan tsari na mata ba baƙo ba ne a wajenmu, a nan jihar Maraɗi aka haife shi. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan wasu ƙauyuka na jihar, tare da wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes, aka raɗa wa shirin suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. An ɗauki adashin da iyayenmu mata suka sani tun kaka da kakanni aka yi masa gyara: maimakon a tara a miƙa wa mutum ɗaya kwasarsa, sai kuɗin ya zauna cikin akwati, mai buƙata ta ci bashi ta juya ta maido, a ƙarshen zango a raba. Da yake yawancin matan ba su yi boko ba, a farkon lamarin ba littafi ake dogara da shi ba, kai ne littafin. Kowace ta san nawa aka rufe a makon jiya, ta san wadda ke da bashi da ranar biyanta. Daga Maraɗi tsarin ya bazu cikin Nijar, ya ƙetara ƙasashen Afirka da dama har Asiya da Kudancin Amurka, inda ake kiransa VSLA, kuma yau miliyoyin mutane ke cikinsa. A gida kuwa, wasu ƙungiyoyin sun buɗe bankunan cimaka, abin da wanda ya ga yunwar 2005 a Dakoro ya san darajarsa, kuma tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka fara samun mata daga cikinsu da suka tsaya takara suka ci.

Abin da nake so malamai ƴan uwana da iyayen yara mu tsaya mu duba shi ne, me ya riƙe waɗannan ƙungiyoyi sama da shekara talatin alhali kwamitocinmu na makaranta kan yi laushi kafin shekara ta zagayo? Wasu za su ce mata sun fi maza riƙon amana. Wataƙila. Ni dai ban yarda a nan maganar ta tsaya ba, domin na ga mata sun cinye adashi, na kuma ga maza da za ka bar musu taskarka ka yi tafiya. Abin da na lura da shi ya fi wannan sauƙi: kwana bakwai ne kawai tsakanin ƙirga da ƙirga. Cikin kwana bakwai ba wanda ya isa ya manta nawa aka rufe. Cikin kwana bakwai mai riƙe da akwati ba ta da sararin da za ta ce bari in ɗan taɓa in maida bayan kaka. Ko ma ta so, makullan suna hannun wasu mata uku daban, akwatin yana ɗakin ta huɗu, sai an haɗa baki da mutum huɗu kafin a ci dala ɗaya. Ba a jarraba kowa da abin da ya fi ƙarfinsa. Kuma kuɗin da ake nema kowane mako ƙarami ne, irin wanda mai sayar da ƙosai ko fura za ta cire daga cinikin yini ba tare da an kwana da yunwa ba.

Yanzu mu dawo makaranta. A takarda tsarinmu ba shi da laifi. Kowace firamare tana da ƙungiyar iyayen yara, da ƙungiyar uwaye mata, da kwamitin kula da makaranta da muka fi sani da COGES, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa CGDES. Shirin nan na makaranta don kowa da hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara tallafawa a jihar Tawa a 2004, kafin a faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi, ya zo da abubuwa masu kyau: a zaɓi shugabannin kwamiti da ƙuri'ar sirri, a tara gari a tsara ayyukan shekara, a dawo a ba da bayanin abin da aka kashe. Inda aka bi wannan da gaskiya an ga amfaninsa, ba na musu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, a makarantu nawa ne kwamitin ke zama in ba a farkon shekara ba, lokacin da za a yanka wa kowane uba abin da zai biya, sai kuma ranar da rigima ta tashi? Tsakanin waɗannan zama biyu wata biyar ne ko shida. Cikinsu maza da yawa sun tafi bida, wasu Nijeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya a arewa. Kuɗin yana aljihun mutum ɗaya, littafin yana jakar darakta.

Na ga yadda wannan ke ƙarewa da idona. Ma'ajin kwamitinmu na wancan lokaci dattijo ne mai mutunci, ba ɓarawo ba ne, kuma har gobe ba zan kira shi ɓarawo ba. An tara masa kuɗi a watan Oktoba, ba wanda ya sake tambayarsa. A watan Janairu matarsa ta kwanta rashin lafiya, aka ce sai an kai ta Maraɗi. Ga kuɗin jama'a a ƙarƙashin katifa, ga mara lafiya tana nishi. Ya ɗauka da niyyar zai sayar da bijimi ya maida. Bijimin bai yi kuɗin da ya zata ba. Da ranar bayani ta zo aka yi ta noƙe-noƙe, magana ta fita gari, kowa ya ƙara mata gishiri, har aka ce da mu malamai aka raba. Shekara uku bayan nan in ka ce wa uba ya kawo dala ɗari ta makaranta sai ya tambaye ka ina ta bara. Dattijon ya biya kuɗin daga baya har ƙwandala, amma ya daina zama majalisa. Mun yi hasarar kuɗi na ɗan lokaci, mun yi hasarar yardar gari na shekaru, mun kuma zubar da girman mutumin kirki, duk don mun bar shi shi kaɗai da kuɗi wata huɗu.

Kada wani ya ɗauka wannan maganar ƴan kuɗin alli ce kawai. Duk malamin da ya yi aiki a ƙauyukan Kornaka ko Birnin Lalle ko Ajekoriya ya san yadda shekarar karatu ke farawa. Hukuma ta ce a koma a watan Oktoba. Azuzuwan kara kuwa damina ta cinye na bara, sababbi ba za su tsaya ba sai an gama girbi an sami kara, sai kuma an sami wanda zai sayi itace da igiya da zana. Sau da yawa ƴan aji ɗaya da aji biyu ba su zauna karatu sosai ba sai Nuwamba ta yi nisa, wani wurin har Disamba. Waɗannan su ne yaran da ke koyon harafi da ƙirga, su ne kuma aka fi jefawa a rumfa domin an bar wa manya ginannun azuzuwa. Yaron da ya rasa wata biyu a aji ɗaya, ya sake rasa wata biyu a aji biyu, shi ne za ka tarar a aji biyar bai iya karanta sunansa ba, uban ya ce boko ba ta karɓe shi ba ya maida shi kiwo. In yarinya ce, kun san inda ake kai ta.

Sannan ga wuta. A ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan kara na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara ashirin suka rasu. A ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin irinta a cikin garin Maraɗi, yara sama da ashirin suka tafi, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Bayan nan gwamnati ta sanar da hana zaunar da ƙananan yara ƴan share fagen firamare a irin waɗannan azuzuwa. Amma rumfunan kara ba su ɓace daga makarantunmu ba, kowa na gani. Duk aji ɗaya da gari ya iya fitarwa daga kara ya maida shi ginin ƙasa mai ƙofa da taga, an rage yawan yaran da ke zaune cikin abin da ashana ɗaya ke cinyewa kafin a ɗebo ruwa.

Shawarata ita ce kowace makaranta ta sami ƙaramar ƙungiyar taimako da ke zama duk mako, a ƙarƙashin kwamitin da ake da shi, ba kishiyarsa ba. Ba sai gari duka ya shiga ba. Mutum ashirin ko talatin da suka yarda da kansu sun isa a fara, maza da mata, har da samarin fada da ke kwana shan shayi a bakin hanya, domin ƙarfin da za a buga tubali da shi yana wajensu. A tsaida rana ɗaya da lokaci ɗaya da ba ya canzawa, a harabar makaranta, kuma kada zaman ya wuce rabin awa. Wannan na rabin awa da gaske nake. Abin da ke kashe taronmu na maza shi ne dogon jawabi, kowa sai ya gaida manya ya maimaita abin da na gabansa ya faɗa, magariba ta yi ba a ƙirga ko dala ba. Matan asusu ba su da wannan lokacin, tukunya na jiransu, shi ya sa suke zuwa kai tsaye ga akwati.

A sayi akwati mai kwaɗo uku. Darakta kada ya riƙe makulli, malami ma kada ya riƙe. Na faɗi haka ne don kare mu, ba don zargi ba: malami baƙo ne, gobe za a iya yi masa canjin wurin aiki, kuma shi ne na farko da baki zai faɗa wa in dala ta ɓace. Aikinmu shi ne alli. Duk mako bayan an ƙirga, a rubuta a allon aji da manyan lambobi abin da aka tarar, abin da ya shigo, abin da ya fita da dalilinsa, a kuma faɗe shi da baki saboda waɗanda ba su karatu. A sa ɗan aji shida ya yi lissafin a gaban iyayensa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma uban da ya ga ɗansa ya tara lambobi shida a gaban jama'a bai yi kuskure ba, ba sai an yi masa wa'azin amfanin boko ba.

Ga lissafi mai sauƙi. Mutum 40, kowa dala ashirin a mako, wato sefa 100, jaka 4 ke nan duk mako. Cikin mako 40 an tara jaka 160. Ba za ta gina makaranta ba. Amma ku je ku tambayi kafinta da mai sayar da kwano abin da jaka 160 za ta yi in tubali da yashi da ruwa da ƙwadago gayya ce ta kawo su. Kuma kuɗi ne da ke cikin akwati, ba a bakin lasifika ba. Da kaka, wanda ba shi da tsaba ya kawo tiyar hatsi, a auna a gaban kowa, a adana a sayar da bazara in ya yi daraja, ko a bar shi don yaran da ke zuwa daga nesa ba su karya ba. A arewacin gundumar, wajen kwarin Tarka, inda makiyaya suka fi yawa, ɗan akuya ɗaya a shekara daga zuri'a ya fi musu sauƙi a kan zubin mako, sai a karɓa a rubuta. Ƴan bida kuma su turo nasu ta NITA ko Amana da sunan wanda ƙungiya ta amince da shi, a ɗauki hoton allon nan duk mako a tura musu ta WhatsApp. Mutumin da ke ɗaukar kaya a kasuwar Legas ba rowa ke hana shi turo kuɗi gida ba, rashin sanin inda suke shiga ne.

Abu ɗaya a lokaci ɗaya. In an ce rufin aji ne, to rufin aji ne har a gama, kada a tsakiya a ce ga baƙo daga ma'aikata a cire kuɗin lemo da kaji. Baƙon da ya zo aikin hukuma yana da kuɗin tafiyarsa.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Na farko, gina makaranta aikin gwamnati ne da ma'aikatar magajin gari, me ya sa za a ɗora wa talakan da ko hatsin shekara bai noma ba? Wannan gaskiya ne, kuma ba na so rubutun nan ya zama mafakar wani jami'i da bai yi aikinsa ba. Sai dai na lura garin da ya saba zama duk mako yana ƙirga kuɗinsa shi ne garin da ke iya tura wakilai wajen magajin gari da takarda a hannu, su ce mun yi bango, ga hotonsa, ga lissafinsa, saura rufi, yaushe za ku kawo? Wannan ya fi ƙarfin koke. Wanda ya saba tambayar ina dala ashirin ɗinsa ta shiga, wata rana zai tambayi ina harajin kasuwa ke shiga.

Na biyu, maganar riba. Wasu malamanmu na addini suna da ja a kan abin da ake ɗorawa bisa bashin asusu, kuma maganarsu abin saurare ce. Akwatin makaranta ba ya ba da bashi ga kowa, ko shugaba ko ma'aji ko darakta, don haka wannan ƙofar a rufe take. Taimako ne tsantsa, kuma zai yi kyau limamin gari ya san da shi, ya ma riƙe makulli ɗaya in ya yarda.

Akwai kuma abin da nake tsoro ni kaina, shi ne a mayar da abin dole. Manyanmu suna tuna Samariya ta zamanin Janar Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987. An yi ayyukan gayya da yawa a lokacin, har da azuzuwa, ba mai ƙaryata wannan. Amma da yake daga sama aka riƙe igiyar, da mulkin ya wuce sai abin ya bi shi. In aka ce yau kowace makaranta dole ta kafa ƙungiyar mako, a aiko da takarda daga Yamai, a naɗa shugabanni, to an kashe ta tun ba a haife ta ba. Mafi muni shi ne a kori yaro daga aji don ubansa bai zuba ba. Duk malamin da ya yi haka ya ci amanar aikinsa, kuma ya tabbatar wa uban abin da dama yake zargi. Haka nan kada maza su ga matan asusu sun tara su ce to ku kawo a yi wa makaranta aiki. Kuɗinsu nasu ne, da guminsu suka tara. Abin da za mu roƙa a wajensu shi ne su zo su koya mana yadda ake yi, su kuma zauna cikin masu riƙe makulli.

Wani abokina da ya yi karatu a waje ya ce mini ai wannan shi ne abin da Turawa ke yi a kulob-kulob ɗinsu. Haka ne. Rotary da wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa a birnin Chicago na Amurka a 1905 da mutum huɗu ta fara, kuma an san ta da zaman mako-mako. Ita ce a 1985 ta ɗauki yaƙi da cutar shan inna, tana cikin waɗanda suka yi ta zuba kuɗi har aka bayyana a 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Na ce masa na ji, amma ba sai mun je Chicago ba, makarantar tana bayan gidanmu a kan tabarma.

Kwanakin baya na tsaya wajen matan unguwarmu bayan sun rufe akwati, na gaida shugabarsu, tsohuwa ce da ta haife ni. Na ce, "Inna, in muka kafa irin wannan a lakwal, za ki zo ki nuna mana?" Ta dube ni ta ce, "Mushe, zan zo. Amma ku maza in aka ce la'asar sai ku zo da magariba, mu kuwa wadda ta makara tara take biya, ko ni ce." Na tambaye ta nawa ne tarar. Ta ce dala biyar. Na faɗa wa darakta da shugaban iyayen yara, sun amince a gwada daga makon farko na komawa karatu, kuma mun riga mun ba maƙeri aikin akwatin. Shugaban iyayen ne kawai ya nemi a rage tarar, aka ƙi.